Ruwan Baƙo da Ruwan Nono: Tarken Adabin Gangamin Ciyar da Uwa da Jariri a Lambata da Kewayenta

Gabatarwa

Akwai wani reshe na adabin Hausa da ke shiga kunnen dubban mutane kowace rana, amma da wuya ka ga manazarci ya ɗauki alƙalami a kansa. Reshen kuwa shi ne adabin da hukumomin kiwon lafiya ke ɗaukar nauyin shiryawa: 'yan gajerun waƙoƙin da ake cusawa a rediyo tsakanin shiri da shiri, da wasannin kwaikwayon da ba su wuce minti goma ba waɗanda ake yi a harabar asibiti ranar awo, da jimlolin da ake rubutawa a ƙarƙashin hotuna a liƙa a bango. Ba a sanin marubutansa, ba a kuma shirya masa gasa. Sai dai fa ɗalibanmu da dama, in sun bar hannunmu, irin wannan aiki ne ke fara ba su abin sawa a baka, ko dai su fassara ko su rubuta. Wannan kaɗai ya isa dalilin kawo shi fagen tarke a mujalla irin wannan. Akwai kuma dalilin da ya fi shi nauyi. In marubucin ƙagaggen labari ya yi sakaci da tauraronsa, iyakarta mai karatu ya yi hamma ya ajiye littafi. In marubucin wasan shayarwa ya yi irin wannan sakaci, mai kallo za ta yi dariyarta, ta koma gida ta ɗura wa jaririn wata biyu ruwan randa.

Wannan maƙala za ta dubi ɓangaren wannan adabi da ya shafi ciyar da mai ciki da mai jego da ƙananan yara, ta auna shi da rayuwar garin Lambata na ƙasar Suleja. Abin da take son nunawa shi ne, ilimin da ke cikin saƙon ingantacce ne, amma zubin da ake zuba shi a ciki yana mayar da tsohuwar gida wawan wasa, alhali kuwa moɗar ruwan da ake son a ajiye a hannunta take.

Lambata da gangamin

Lambata tana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, a masarautar Suleja, daidai inda hanyar Lapai da Agaie da Bida ta rabu da hanyar Suleja zuwa Minna. Mahaɗa ce, kuma kasuwa ce. Wanda ya taɓa ratsa ta ranar cin kasuwa ya ga tulin doya da buhunan hatsi da motocin da ke jiran a loda musu su nufi Abuja. Ya kuma ji Gbagyi da Nufanci da Fulatanci, kowa da 'yan uwansa, sannan in an zo ciniki a haɗu a Hausa. Na zaɓi garin ne saboda waɗannan siffofi biyu: ba ƙasar fari ba ce da za a ce babu abincin, kuma Hausar da ake wa mutanenta gargaɗi da ita ba kowa ne ya sha ta a nono ba.

Gangamin da ke isa irin wannan gari yana da dogon asali. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar taƙaita tallar madarar gwangwani. A 1991 ita da UNICEF suka fito da tsarin asibitocin da ke ƙarfafa shayarwa, a 2001 kuma ta tsayar da shawarar a ba jariri nono kaɗai har wata shida. A Nijeriya an ƙaddamar da gangamin da aka yi wa laƙabi da Turanci Zero Water a Abuja cikin watan Agusta na 2019, kuma Neja na cikin jihohin da suka shiga shirin bunƙasa abinci mai gina jiki na ANRiN wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018. Alƙaluman da suka tayar da hankali su ne na binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018: kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran da ba su kai wata shida ba ake ba nono ba tare da wani abu ba, kuma kashi 37 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure.

Hujjar likitoci a kan ruwa ba ta da wuyar ganewa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ɗan ƙanƙane ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in tsotso ya ragu sai nonon ya ja baya, domin gwargwadon yadda aka tsotsa gwargwadon yadda jiki ke kawowa. Ga kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan da moɗar, masu kawo gudawa. Tsumburewar da ta kama yaro tsakanin shigar cikinsa da cikarsa shekara biyu da wuya ta warware daga baya. A kan wannan duka ba mu da ja. Jayayyarmu da marubuta ce.

Zubin da aka gada daga majigi

Duk wanda ya kalli uku ko huɗu daga cikin waɗannan wasanni ya san fasalinsu. Gida biyu ne. A na farko akwai matashiyar da ke zuwa awo, tana jin maganar malamar asibiti, ɗanta ɓul-ɓul. A na biyu akwai wadda uwar mijinta ta fi ƙarfinta. Tsohuwar takan fito da sanda da ɗankwali a karkace, tana magana da ƙaraji, ta matse dakashi ta zubar wai ƙazanta ce, ta ɗura wa jariri ruwa da jiƙe-jiƙe. Yaro ya kama gudawa, a ruga asibiti, malama ta yi dogon jawabi, tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce ta tuba. A tafa, a watse.

Wannan zubi ba Bahaushe ya ƙago shi ba. William Sellers, wani jami'in tsafta na Turawa a Ikko, shi ya fara amfani da majigi wajen gargaɗin lafiya a Nijeriya, kuma shi aka damƙa wa sashen shirya finafinan ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a Ingila a 1939. Tsarin da sashen ya shahara da shi shi ne na mutum biyu, mai wayo da wawa: mai wayo ya bi umarnin hukuma ya ci riba, wawa ya bi hanyar iyayensa ya yi asara. Motocin majigi suka yawata da wannan tsari a ƙauyukan Arewa, sannan zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ba shi rigar Hausa. Rubuce-rubucen wancan zamani sun yi aikinsu, ba mai musun haka. Amma sun bar mana gadon tunanin cewa kowace matsala ta al'umma faɗa ce tsakanin sani da jahilci, kuma da zarar an faɗa wa jahili gaskiya magana ta ƙare. Abin da marubucin yau ya sauya kawai shi ne jinsin wawan: ya cire masa hula ya ɗaura masa ɗankwali.

Ta fuskar fasahar wasan kwaikwayo, illar wannan zubi ita ce babu rikici a cikinsa. Rikici na gaskiya yana bukatar ɓangarori biyu da kowanne ke da abin da yake karewa. Tsohuwar waɗannan wasanni ba ta kare komai, taurin kai kawai aka liƙa mata kamar yadda ake liƙa wa ɗan wasa gemun auduga. Tubanta ma ba daga cikinta ya taso ba, jawabin malama ne ya faɗo mata daga sama. Mai kallo ta san ƙarshen tun daga fitowa ta farko, saboda haka hankalinta ya koma kan barkwancin tsohuwar. Abin takaicin kuma, tsohuwar ce kaɗai aka ba Hausa mai daɗi, da karin magana da habaici da zambo. Malamar asibiti kuwa Hausar takarda take yi. Don haka maganar wawan ce ke bin mutane gida.

Wa ke da iko da moɗa?

Saƙonnin suna fuskantar uwa ne kai tsaye, da sigar umarni: ki ba shi, kada ki ba shi, ki tabbatar. Wannan yana ɗauka cewa ita ke da ta cewa. A gidan Bahaushe na gargajiya, kuma a gidajen maƙwabtansa da dama, mai haihuwar fari ita ce mafi ƙarancin iko a ɗakin jego. Sau da yawa gidan iyayenta take komawa wanka. Kwana arba'in ɗin nan a hannun tsofaffi take, su ke dafa ruwa, su ke dama kunu, su ke wanke jariri su gasa masa cibiya. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da aka buga a 1954, wadda kuma har yanzu ba ta gushe ba a ƙauyuka: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya. Hoton da ake liƙawa a bango na matashiya ita kaɗai, tana kallon jaririnta tana murmushi, hoton wani ɗaki ne daban. A ɗakin da muka sani akwai mutum ta uku, kuma ita ce ke zaune kusa da randa.

Sai a yi tunanin wannan tsohuwa tana cikin 'yan kallo, ta rako surukarta awo, ta ga an fito da irinta ana yi mata dariya a gaban yara. Da wace fuska surukar za ta ce mata, "Inna, malama ta ce a bar ba shi ruwa"? Wasan ya riga ya mayar da maganar ruwa maganar girma. In tsohuwa ta ajiye moɗa yanzu, ta amsa sunan da aka kira ta da shi a bainar jama'a.

Akwai wani abu kuma da waɗannan wasanni ke ɓoyewa, wanda ya kamata a faɗe shi don adalci. Wani sashe na abin da ake kira jahilcin kaka karatun asibitin jiya ne. An daɗe a asibitoci da yawa, har da namu, ana ba sabon jariri ruwan gulukos kafin nono ya kawo, kuma kawar da wannan na cikin abin da tsarin 1991 ya zo yi. Kafin 2001 shawarar da ake bayarwa wata huɗu zuwa shida ce. A shekarun 1980, lokacin da kakar yau take goyo, rediyo ya cika kunnenta da koyarwar ruwan gishiri da sukari, cewa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare mutuwa yake yi. Ta ji, ta riƙe, wataƙila ma ta ceci ɗa da shi, kuma koyarwar nan tana nan daram ga yaro mai gudawa. Yau an zo mata da kalmar "ban da ruwa" ba tare da an bambance mata wannan da wancan ba. Marubucin da ya san wannan tarihi yana da tauraruwa mai zurfi a hannunsa, matar da ta yi biyayya ga asibiti tana yarinya ake kuma zarginta da wannan biyayya tana tsohuwa.

Ruwan baƙo

A nan ne, a ganina, aikin ya fi bukatar ɗan adabi fiye da likita. Me ya sa ruwa, duk cikin abubuwan da ake hanawa, ya fi wuyar bari? Amsar da aka saba bayarwa ita ce zafin rana, kuma gaskiya ne wanda ya san watan Maris a ƙasar Gurara ba zai raina wannan ba. Amma harshe yana nuna wani dalili da ya fi wannan zurfi. Bahaushe yana kiran sabon jariri baƙo. Ana cewa an yi baƙo a gidan wane, ana zuwa ganin baƙo. Abu na farko kuwa da ake yi wa baƙo, kafin gaisuwa ta yi nisa, kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, shi ne a miƙa masa ruwa. Gidan da baƙo ya shiga ya fita bai ga moɗa ba ya shiga bakin duniya. Tsohuwar da ke ɗiga wa jariri ruwa tana sauke haƙƙin baƙunta ne ga wanda ya yi tafiyar wata tara. Ƙara da wasan jika da kaka, inda take kiran jikanta namiji angonta ko maigidanta, mace kuma kishiyarta. In ta ce, "Ni za a hana in ba maigidana ruwa?" barkwanci take yi, amma a ƙarƙashin barkwancin akwai dukkan tarbiyyar da aka yi mata game da abin da mace ke yi wa wanda ya shigo gida daga rana.

Taken gangamin a Hausa, wato "nonon uwa zalla", bai san da wannan ba. Fassara ce mai kyau ta fuskar ma'ana, gajeriya, mai saurin shiga kai. Amma "zalla" kalmar ragi ce. In aka ce tuwo zalla ko gero zalla, abin da kunne ke ji shi ne babu mahaɗi, an rasa wani abu. Sai ga shi an haɗa kalmar rashi da umarnin hani, aka tunkari al'adar da ginshiƙinta bayarwa ne.

Abin mamaki, maganin yana cikin harshen tun fil azal. Bahaushe ba ya tsayawa ga "nono" in yana nufin abin da jariri ke sha, domin kalmar tana ɗaukar mama, tana kuma ɗaukar na shanu da Fulani ke tallarsa. Cewa yake yi "ruwan nono". Ana cewa ruwan nononta ya kawo, ko ba ta da ruwan nono. Gaskiyar da masana suka auna a ɗakin bincike suka ce ta haura kashi 80, harshen ya riga ya ajiye ta a cikin sunan abin. Mai fassara ya yar da kalmar "ruwa" daga sunan, sannan ya dawo yana neman hanyar da zai shawo kan mutane cewa akwai ruwa a ciki. Da an bar wa mawaƙi aikin, da ya ga cewa ba sai an hana baƙo ruwa ba: baƙon nan da ruwansa aka aiko shi, an dafa an tace an ajiye masa a ƙirjin uwarsa, kuma ba shi na randa tamkar mayar da tukwicin da aka yi masa ne. Aikin kaka a wannan hoto bai ƙare ba, ya koma kan mai jego. Ita za a miƙa wa moɗa, ita za a cika wa akushi, don ruwan ya bi ta jikinta ya isa ga angon. Haka ne kuma likitoci ke cewa a yi. An bar wa tsohuwa moɗarta da girmanta, an sauya bakin da za ta kai ta kawai.

Haka batun dakashi. Wasannin kan tsaya ga cewa zubar da shi jahilci ne. Tsohuwa kuwa kalarsa ta gani, rawaya mai kauri, ta kwatanta shi da abin da ya kwana ya lalace. Makiyayin da ke kawo shanu kasuwar Lambata ya san ɗan maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba da wuya ya yi ƙwari. Wannan shaida tana tsaye a bakin kasuwa da sandarta a kafaɗa, kuma ta fi jawabin garkuwar jiki saurin shiga kunnen mutumin ƙauye.

Ƙwai da taurari huɗu

Daga wata shida zuwa sama magana ta koma kan abinci. Katunan ba da shawara da ma'aikatan lafiya ke amfani da su, waɗanda aka fassara zuwa Hausa, suna koyar da abinci mai tauraro huɗu: hatsi ko doya, da dangin wake da gyaɗa, da ganye da 'ya'yan itace, da abin da ya fito daga dabba kamar ƙwai ko kifi ko nama. Rabon daidai ne, kuma duk ana samunsu a yankin, daga zogale da kuka da daddawa har ƙuliƙulin da Bida ta yi suna da shi. Siffantawar ce baƙuwa. Auna daraja da yawan taurari al'adar manyan otal-otal ce. Matar da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tuƙa tuwo ta san abin da ke faruwa in ƙafa ɗaya cikin huɗu ta karye, kuma ba sai an yi mata bayani ba.

Camfin ƙwai, cewa yaron da ya saba da shi ɓarawo zai zama, shi ma abin dariya ne a wasannin. Ban ga laifin rushe shi ba. Sai dai camfi kan zama rigar da talauci ke sawa don kada a gan shi tsirara. Ƙwai kaza ce ta gobe, kaza kuwa ita ce asusun matar ƙauye, da ita take sayen magani da sabulu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Wasan da ya nuna uwa ta gane gaskiya, fitowa ta gaba kuma ga ƙwai da kifi a kwanon yaro ba a nuna inda kuɗin ya fito ba, ya tsallake ainihin labarin. Labarin yana wurin maigidan da ya loda doyarsa a mota ranar kasuwa, da abin da ya shigo da shi gida da yamma. Shi kuwa da wuya a gan shi a dandali, in ma ya fito to kuɗin mota zuwa asibiti aka zo karɓa.

A gefe guda, yana da kyau masu fassara su tuna da Cicely Williams, likitar da ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A 1935 ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin littattafan likitanci, kuma daga bakin mutanen Ga ta karɓe ta, inda take nufin ciwon yaron da aka ture saboda zuwan ƙaninsa. Sunan da mata suka ba cutar ya riga ya faɗi sanadinta. Hausa ma tana da irinsa: tamowa, da kwanika ga wadda ta yi ciki tana goyo. Waɗannan kalmomi suna da hoto da tsoro a cikinsu. "Rashin abinci mai gina jiki" kuwa jimlar ofis ce, ba wadda ta taɓa yin kuka da ita.

Muryar da ta dace

Komawa ga siffar Lambata ta biyu. Hausa a can harshen ciniki ce da tasha, kuma maza da matasa sun fi tsofaffin mata na ƙauyukan Gbagyi iya ta. Ke nan wadda aka fi bukatar ta ji saƙon ita ce mafi nisa da harshen da aka yi shi, balle in Hausar ta ɗakin watsa labarai ce mai cike da "sinadarai" da "ingantuwa". Wannan matsala ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, kuma an taɓa warware ta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙinta da Larabci da Fulatanci da Hausa gwargwadon wanda take son ya ji. Da ta so ilimi ya isa ga matan ƙauye, dattijan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis na 'yan taru, ta ba su malfa alamar girma, ta sa musu waƙa a baki su kai wa na gida. Tsohuwar da marubucin yau ke ɗaura wa ɗankwali a karkace, Asma'u malfa ta ɗora mata.

An gwada makamancin wannan a zamaninmu. Judi Aubel da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2004 kan wani aiki da aka yi da kakanni a ƙauyukan Sanagal game da abincin mai ciki da jariri. Kayan aikinsu na adabi ne: waƙoƙin yabon kakanni, da labaran da ake yankewa ba a kai ƙarshe ba a bar mata su yi muhawara. Sun samu cewa shawarwarin da kakannin ke bayarwa sun sauya ƙwarai, haka ma abin da matasan mata ke aikatawa. Duka dabarun biyu muna da su a gida. Muna da kirari, muna kuma da tatsuniyar da ke ƙarewa da tambayar wa ya fi wani, wadda ke hana yara barci suna gardama. Shirin rediyon nan Albishirin Ku, da aka fara watsawa a 2019 a jihohin Bauchi da Kebbi da Sakkwato, ya nuna an fara fahimtar haka tun daga sunansa, domin kalma ce da ba ta cika sai mai sauraro ya amsa da "goro". Ta zo da kyauta a hannu, ta kuma bar wa ɗaya ɓangaren gurbin magana.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da kaka ta riƙe daidai ne, a lallaɓa ta kawai. Akwai wuraren da babu siffantawar da za ta daidaita tsakani. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi ya ƙara wa zuciya aiki, sai ta gaza. Tsohuwa kuwa don nono ya kawo take dama kunun, don kuma ta kori sanyin da take tsoron ya kama 'yarta. A nan ƙauna ce da kanta ke yin kisa, kuma wannan shi ne kayan wasan ban tausayi tun zamanin Girkawa. Marubucin da ya isa marubuci zai bar tsohuwar da hankalinta da hujjarta da Hausarta mai daɗi, ya ba malamar asibiti Hausar da ta kai tata, ya sa ta durƙusa ta gaishe ta da "Iya" kafin ta buɗe baki, ya shigo da maigida da kuɗin doyarsa a aljihu. Sa'an nan ya kai su daren da ƙafafun mai jego suka kumbura, numfashinta yana sama-sama, tsohuwa na tsaye da ƙwaryar kunu a hannu tana duban 'yar da ta haifa. In ya tsayar da wasan a nan ya juyo ga matan da ke zaune a kan benci ya tambaye su abin da Iya za ta yi da ƙwaryar, tsofaffin cikinsu ne za su fara magana.